Jiragen Dakon Jiragen Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bambancinsu da Rayuwar da Ake Yi a Cikinsu

Da zarar rikici ya kunno kai a Gabas ta Tsakiya ko a kusa da Taiwan, sai a ji a labarai cewa Amurka ta tura jirgin dakon jiragen yaƙi yankin. Daga nan sai musu ya kaure a majalisun hira: wane jirgi ya fi wane, Sin ta kamo Amurka ko da sauran tafiya, ina na Rasha ya shiga. Yawancin masu musun a kan tsawo da nauyi suke tsayawa. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke raba jirgi da jirgi shi ne yadda jiragen sama ke tashi daga kansa, da yadda suke dawowa, da irin mutanen da ke tsaye a doronsa suna gudanar da wannan aiki. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu.

Mene ne jirgin dakon jiragen yaƙi?

Sansanin sojan sama ne da ke tafiya a kan teku. Samansa shimfiɗaɗɗen doro ne inda jirage ke tashi da sauka, a gefen dama kuma akwai hasumiya inda kyaftin da masu kula da zirga-zirgar jirage suke. Ƙarƙashin doron akwai katafaren zaure na ajiye jirage da gyara su, da manyan na'urori masu ɗaga jirgi sukutum daga zauren zuwa sama. Can ƙasa kuma rumbunan bama-bamai ne da tankunan mai da injina da wuraren kwanan dubban mutane.

Amfaninsa shi ne ƙasa ta kai jiragen yaƙinta kusa da abokin gaba ba tare da ta roƙi wata ƙasa filin sauka ba. Shi kansa jirgin makamansa kaɗan ne, na kare kai kawai. Ƙarfinsa yana cikin jiragen da yake ɗauke da su.

Su wa ke da shi?

Amurka na da manya guda 11, dukkansu masu amfani da nukiliya, ban da wasu jiragen kai farmaki ta ruwa da su ma ke ɗaukar jirgin yaƙi samfurin F-35B. Sin na da uku: Liaoning da Shandong da Fujian. Birtaniya na da biyu, HMS Queen Elizabeth da HMS Prince of Wales. Indiya ma biyu, INS Vikramaditya da ta saya daga Rasha da INS Vikrant da ta ƙera da kanta a Kochi ta ƙaddamar a 2022. Faransa na da ɗaya, Charles de Gaulle. Italiya na da Cavour, Japan kuma tana gyara Izumo da Kaga don su ɗauki F-35B. Rasha na da Admiral Kuznetsov, wanda labarinsa ke tafe a ƙasa.

Wanne ya fi girma?

USS Gerald R. Ford na Amurka, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2017. Tsawonsa ya haura mita 330, nauyinsa kusan tan 100,000, kuma ƙera shi ya ci kimanin dala biliyan 13. Guda goman da suka riga shi, waɗanda ake kira ajin Nimitz, kusan girmansu ɗaya da shi. Fujian na Sin ya haura tan 80,000. Na Birtaniya kimanin tan 65,000 ne kowanne, Charles de Gaulle kuma kimanin tan 42,000.

Sai dai wannan lissafi yana iya ɓatar da mutum. Na Faransa ya fi na Birtaniya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma akwai jiragen da yake iya harbawa sama waɗanda na Birtaniya ba za su iya ba ko kusa. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Ta yaya jirgin yaƙi ke iya tashi a fili gajere haka?

Titin tashin jirage na filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya haura mita 3,000. A kan jirgin dako, abin da matuƙi ke da shi don tashi bai wuce mita ɗari ba idan majaujawa ce, ko ɗari biyu da 'yan kai idan babu ita. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko ita ce majaujawa, wato na'urar da ke cilla jirgi. Ana ɗaura ƙafar gaban jirgin a wani ƙarfe da ke gudu cikin tsaga a doron. Matuƙi ya buɗe wa injinsa wuta gaba ɗaya alhali jirgin na riƙe, a bayansa an ɗaga bangon ƙarfe mai kare mutane daga hucin injin. Idan ya gamsu komai lafiya, sai ya sara wa jami'in majaujawa, ya jingina kansa da kujera. Jami'in ya duba ko'ina, ya durƙusa, ya taɓa doron ya nuna gaba. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku jirgi mai nauyin tan 25 ko fiye ya tashi daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 250 a awa. Ajin Nimitz da Charles de Gaulle da tururi suke yin wannan cilli. Ford da Fujian kuma da lantarki da maganaɗisu, wanda ke ba da damar auna ƙarfin cillin daidai da nauyin kowane jirgi, ya kuma rage gajiyar da ƙarfen jirgin ke yi.

Ta biyu ita ce tudun tashi. Goshin jirgin dakon ne ake lanƙwasawa sama, jirgin yaƙi ya taho da ƙarfin injinsa kaɗai, tudun ya jefa shi sama kafin fukafukansa su gama kama iska. Haka Liaoning da Shandong da jiragen Indiya biyu da Kuznetsov suke. In sun dawo, da ƙugiya da igiyar ƙarfe ake tsayar da su.

Ta uku ita ce ta Birtaniya da Italiya: jirgin F-35B ya tashi a gajeren gudu, in ya dawo ya tsaya a iska gefen jirgin dakon, ya matso, ya sauka a tsaye irin saukar ungulu. Babu majaujawa, babu igiya.

A dukkan ukun, kyaftin yana juya goshin jirgin dakon ya fuskanci iska, ya ƙara gudu, wani lokaci har ya haura kilomita 50 a awa, don iskar da ke bi ta kan doron ta taimaka wa fukafukai.

To a cikin ukun wacce ta fi?

Majaujawa ta fi, kuma ba na ganin akwai musu a nan. Jirgin da aka cilla yana tashi da cikakken tanki da cikakken makami. Wanda ya bi ta tudu sau da yawa sai an rage masa ɗaya daga ciki, musamman in rana ta yi zafi ko iska ta kwanta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jirgin E-2 Hawkeye, mai faifan rada a bayansa, wanda ke shawagi can sama yana hango jirage da makamai masu linzami daga ɗaruruwan kilomita. Shi ne idon rundunar, kuma sai da majaujawa ake tashinsa. Amurka na da shi, Faransa ma na da shi. Birtaniya da Indiya da jirage masu saukar ungulu suke wannan aiki, waɗanda ba sa kai wa tsayinsa, ba sa kuma daɗewa a sama kamarsa. Wannan ne ya sa Sin ta matsa wa kanta sai ta yi Fujian, kuma a 2025 ta nuna shi yana cilla jiragen yaƙi J-35 da J-15T da nata jirgin radar mai suna KJ-600.

Amma majaujawa tsada gare ta, tana cin ma'aikata da yawa, kuma matuƙin da zai sauka da ƙugiya sai an yi ta sabunta masa horo. Birtaniya ta taɓa yanke shawarar saka ta a 2010, ta ga kuɗin ya yi yawa, ta janye a 2012. Zaɓin da ta yi ba na wauta ba ne: jiragenta biyu suna tafiya da ma'aikata ƙasa da rabin na Amurka, saukar tsaye kuma ta fi sauƙin koya. Abin da ta rasa shi ne zango, domin F-35B bai kai ɗan'uwansa F-35C na sojan ruwan Amurka nisan tafiya da ɗaukar kaya ba.

Me ya sa ake cewa sauka ta fi tashi wuya?

Domin a tashi na'ura ce ke yin yawancin aikin, a sauka kuwa hannun matuƙi ne da idonsa. Yana tahowa da gudun kilomita 240 ko fiye, filin da zai dira a ciki kuma gajere ne, siriri, yana tafiya gaba, yana hawa da sauka bisa igiyar ruwa. Ƙari a kan haka, layin saukar a karkace yake zuwa hagu, saboda haka kullum yana zame wa matuƙin zuwa dama, sai ya yi ta gyara.

An gitta igiyoyin ƙarfe a doron, huɗu a tsofaffin jiragen Amurka, uku a sababbin. Jirgin na sauke ƙugiya daga wutsiyarsa. Ba ya lallaɓawa ya sauka a hankali irin na jirgin fasinja, dirowa yake yi da ƙarfi, shi ya sa ƙafafun jiragen sojan ruwa suka fi na sojan sama kauri. Da ƙugiya ta kama igiya, injinan da ke ƙarƙashin doron su shanye ƙarfin, jirgin ya tsaya a tazarar kimanin mita ɗari cikin daƙiƙa biyu.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, da tayoyi sun taɓa doro matuƙi ba birki yake takawa ba, wuta yake ƙara wa injin. In ƙugiya ta kama, igiya za ta riƙe shi duk da haka. In ta kuskure, yana da ƙarfin da zai sake tashi ya zagayo. Karkacewar layin sauka don haka aka yi ta: wanda ya kuskure ya fice ta gefen hagu, ba ya afka wa jiragen da ke ajiye a gaba.

Abu biyu ke yi masa jagora. Akwai fitila a gefen hagu mai nuna ƙwallon haske ruwan ɗorawa tsakanin jerin korayen fitilu. In ƙwallon ya haura jerin, jirgin ya yi sama da yawa. In ya yi ƙasa ya koma ja, yana daf da dukan gindin jirgin dakon. Sai kuma jami'an sauka, waɗanda su ma matuƙa ne, suna tsaye a wani ɗan dandali a bayan jirgin suna yi masa magana ta rediyo. In suka kunna jan fitila suka ce ya fasa, dole ya fasa, ko da ya girme su a muƙami. Kowace sauka sai sun ba ta maki, a rubuta a allon da kowa ke gani a ɗakin rundunar. Ina ganin wannan al'ada ta faɗa wa mutum gaskiya kan aikinsa kullum, babba da yaro, tana cikin manyan abubuwan da suka rage mace-mace.

Karkataccen doro da majaujawar tururi da fitilar jagora, duk ukun sojan ruwan Birtaniya ne suka ƙirƙiro su a farkon shekarun 1950, Amurka ta ɗauka.

Da dare fa?

Nan ne ake sanin na ƙwarai. A tsakiyar teku in babu farin wata, ba a ganin inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Matuƙi ba ya ganin komai sai 'yan fitilu can nesa suna lilo, jikinsa kuma yana iya gaya masa cewa jirgin ya karkata alhali bai karkata ba. Dole ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'ura. Binciken da aka yi a kan matuƙan sojan ruwan Amurka lokacin yaƙin Vietnam ya nuna bugun zuciyarsu ya fi hauhawa a lokacin sauka kan jirgin dako fiye da lokacin da suke jefa bam. In kuma jirgin dakon ya yi nisa da tudu, babu wani filin da za a karkata zuwa gare shi. Wanda ya kuskure igiya sau biyu ko uku, mai na ƙarewa, sai a haɗa shi da jirgin da ke shawagi da mai a sama, ya sha, ya dawo ya sake gwadawa.

Sababbin manhajojin sarrafa jirgi a jiragen yaƙin Amurka F/A-18 da F-35C sun rage yawan gyare-gyaren da matuƙi ke yi da hannu a daƙiƙun ƙarshe, kuma sun sauƙaƙa aikin ƙwarai.

Me ya sa ma'aikatan doro ke sa riguna kala-kala?

Ƙarar injina ba ta barin a ji magana, saboda haka da launi ake gane aikin kowa, da hannu kuma ake magana. A jiragen Amurka masu ruwan ɗorawa su ke ba jirage umarnin motsi, babu jirgin da ke gusawa sai da izininsu. Masu kore su ke kula da majaujawa da igiyoyin sauka da gyare-gyare. Masu shuɗi su ke ɗaure jirage da sarƙa da tuƙa motocin jan su. Masu shunayya mai suke zubawa. Masu ja su ke ɗora bama-bamai da kashe gobara. Masu ruwan ƙasa kowannensu na da jirgi ɗaya da yake kula da shi, shi ke miƙa shi ga matuƙi. Masu fari kuma jami'an kiyaye haɗari ne da na lafiya da na sauka.

Da yawansu matasa ne da ba su daɗe da gama sakandare ba. Kafin a fara tashi sukan jeru kafaɗa da kafaɗa su taka doron daga goshi zuwa gindi suna tsintar duk wani ɗan ƙarfe ko ƙusa, domin injin da ya zuƙi ƙusa ɗaya ya lalace. A Nuwamban 2021 wani F-35B ya faɗa Bahar Rum daga kan HMS Queen Elizabeth saboda murfin da ake toshe mashigar iskar injin da shi ya maƙale a ciki ba a gani ba. Matuƙin ya tsira, jirgin ya nutse.

Wane irin haɗari suke fuskanta?

Hucin injin yana iya hure mutum ya faɗa teku, bakin injin yana iya zuƙe shi, igiyar sauka in ta tsinke tana iya sare ƙafafu. Amma abin da aka fi tsoro shi ne wuta, domin mai da bam da injina masu zafi duk a wuri ɗaya suke.

A ranar 29 ga Yulin 1967, USS Forrestal na gaɓar Vietnam ana shirin kai hari, sai wata roka ta tashi da kanta daga jikin wani jirgin F-4 saboda matsalar lantarki, ta doki tankin man wani jirgin A-4. Mai ya malala ya kama da wuta. Ƙwararrun 'yan kwana-kwana suka ruga, tsofaffin bama-baman da ke cikin wutar suka fashe tun ba a je ko'ina ba, suka kashe yawancinsu. Waɗanda suka rage ba su da horo, wasu na fesa kumfa, wasu na wanke ta da ruwa. Mutum 134 suka mutu. John McCain, wanda daga baya ya zama sanata, yana cikin matuƙan da suka tsira a ranar. Tun daga nan kowane sojan ruwan Amurka sai ya koyi kashe gobara, aka kuma saka na'urorin da ke fesa wa doron ruwa da kumfa.

A shekarar 1954 kaɗai, sojan ruwan Amurka da na kundumbala sun yi asarar jirage sama da 700 a haɗurra, ba a fagen yaƙi ba. Kusan kowace doka da ake bi a doro yau, sai da aka rasa rai kafin a rubuta ta. Wannan ne abin da ƙasa ba ta iya saye tare da jirgi.

Nukiliya ta fi mai ne?

Jirgin nukiliya na Amurka yana shekara 20 ko fiye bai sake makamashi ba. Ajin Nimitz sau ɗaya ake sake musu a tsakiyar rayuwarsu ta shekara 50, a Newport News da ke jihar Virginia, aikin kuma yana cin shekara huɗu ko fiye. Wurin da da tankunan man jirgin za su cinye sai a cika shi da man jiragen sama da makamai. A wajen Amurka, Charles de Gaulle kaɗai ke amfani da nukiliya.

Wannan ba ya nufin jirgin ya wadatu da kansa. Jiragen saman mai suke sha, mutane abinci suke ci, jiragen rakiya ma mai suke sha. A kai a kai jirgin kaya ke zuwa ya jera da shi, suna tafiya gefe da gefe, a miƙa igiyoyi da bututun mai a tsakaninsu, jirage masu saukar ungulu na jigilar buhuna da akwatuna.

Yaya rayuwa take a ciki?

Jirgin ajin Nimitz da rundunar samansa yana ɗauke da mutum kusan 5,000. Ƙananan sojoji suna kwana a gadaje masu hawa uku, ba a iya zama sosai a na tsakiya da na ƙasa, labule ne kaɗai sirrin mutum, kayansa kuma a ƙarƙashin katifarsa da 'yar loka. Wasu ɗakunan kwanan daidai ƙarƙashin majaujawa ko igiyar sauka suke, ana tashi da sauka a kansu har tsakar dare. Aikin awa 12 ko fiye a rana abu ne da aka saba. Wanda aikinsa ke ƙasa, wajen injina ko kicin ko wanki, yana iya yin kwanaki bai ga rana ba, domin ba kowa ake bari ya hau doro ba.

Akwai asibiti da likitan haƙori da wanzami da kanti da wurin motsa jiki. Ruwan sha daga teku ake tace shi. Tafiya kan ɗauki wata shida zuwa tara, wani lokaci a ƙara ba tare da sanarwa ba. A 2020, saboda korona, USS Dwight D. Eisenhower ya yi sama da kwana 200 a jere bai tsaya a wata tasha ba. A shekarar ce kuma cutar ta kama mutum fiye da dubu a USS Theodore Roosevelt, aka cire kyaftinsa Brett Crozier bayan wasiƙar neman agajin da ya rubuta ta fita ga 'yan jarida. Gajiya da kewar iyali da damuwa matsala ce ta gaske a waɗannan jirage, kuma ina ganin duk mai yabon girmansu ya kamata ya riƙa ambatonta.

Musulmin da ke aiki a ciki, yaya suke yi da salla?

A jiragen Amurka akwai ɗakin ibada da mabiya addinai daban-daban ke amfani da shi bi da bi, sojan Amurka da na Faransa kuma duk suna da limamai a cikin jami'an kula da addini. Hukuncin salla a jirgin ruwa ba sabo ba ne a wurin malamai: mutum ya fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya ya juya tare da ita gwargwadon iko, in tsayuwa ta gagara ya zauna. Jirgin dako yana yawan juyawa don neman iska, saboda haka alƙiblar Azahar ba lalle ta zama ta La'asar ba.

Mata na aiki a ciki?

Suna yi. A Amurka an fara tura su jiragen dako na yaƙi a 1994, kuma a 2021 Kyaftin Amy Bauernschmidt ta zama mace ta farko da ta shugabanci jirgin dako na nukiliya, USS Abraham Lincoln.

Me ya sami jirgin Rasha?

An ƙera Admiral Kuznetsov a Mykolaiv, cikin Yukren ta yau, a ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet. Da tarayyar ta rushe, Rasha ta sami jirgin, masana'antar da ta ƙera shi kuma ta zauna a wata ƙasa. A 2016 aka tura shi gaɓar Siriya, yana tafe yana tuƙa baƙin hayaƙi. A wannan tafiya ya rasa jirgin MiG-29K ɗaya da Su-33 ɗaya, duka a kan matsalar igiyoyin sauka, aka mayar da wasu jiragensa sansanin Hmeimim a tudu. A 2017 aka kai shi wajen gyara a yankin Murmansk. A 2018 tashar gyara mai iyo da yake ciki ta nutse, wata ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo ta huda doronsa, a 2019 kuma gobara ta tashi a cikinsa. Bai sake fita aiki ba.

Sin kuma ta yaya ta kai inda take?

Da ƙanen Kuznetsov ta fara. Sunansa Varyag, an bar shi ba a gama ba a Mykolaiv. A 1998 wani kamfani ya saye shi kan dala miliyan 20 da sunan za a mayar da shi gidan caca a Macau. Turkiyya ta daɗe ba ta bar shi ya wuce mashigin Bosphorus ba, daga baya aka ja shi ba inji, aka zagaya da shi ta kudancin Afirka, ya isa Dalian a 2002. Bayan shekara goma ya fito da sunan Liaoning, a Nuwamban 2012 kuma J-15 ya fara sauka a kansa. Shandong ya biyo a 2019, ƙirar gida. Fujian ya tsallake majaujawar tururi gaba ɗaya ya tafi ta lantarki.

Saurin abin yabo ne. Amma Amurka tun 1922 take wannan aiki, da USS Langley, ta kuma yi yaƙi da irin waɗannan jirage a Midway a 1942, inda Japan ta rasa huɗu. Sin shekara goma sha take da shi, ba ta taɓa gwada shi a yaƙi ba. Tashin jirage da yawa a jere, dare da rana, makonni a jere, nesa da gida, cikin mummunan yanayi, nan ne tazarar take, kuma Sin na rage ta kowace shekara.

Ana iya nutsar da shi?

Ana iyawa, sai dai ba abu ne mai sauƙi ba. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba a nutsar da babban jirgin dako a yaƙi ba. Ba ya tafiya shi kaɗai: akwai jiragen rakiya masu kakkaɓo makamai masu linzami, sau da yawa da jirgin ƙarƙashin ruwa. Yana kuma tafiya kullum, gano inda yake a faɗin teku aiki ne babba. Duk da haka jiragen ƙarƙashin ruwa barazana ce ta gaske. A yaƙin Falklands na 1982, bayan Birtaniya ta nutsar da wani jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna General Belgrano, sai jirgin dakon Ajantina ya koma kusa da gaɓa bai sake fitowa ba. Sin kuma ta ƙera makamai masu linzami irin DF-21D da DF-26 musamman don tilasta wa jiragen Amurka tsayawa nesa. Ba ma sai an nutsar da shi ba, in aka lalata doron ya daina tashin jirage, an gama da amfaninsa na wannan lokaci.

Bahar Maliya ta nuna wani ɓangaren. Daga ƙarshen 2023 jiragen dakon Amurka suka yi ta fafatawa da 'yan Houthi na Yaman. Ba a tabbatar da cewa wani makaminsu ya sami jirgin dako ba, amma USS Harry S. Truman ya rasa F/A-18 uku tsakanin Disamban 2024 da Mayun 2025: ɗaya jirgin rakiyarsa USS Gettysburg ne ya harbo shi bisa kuskure, ɗaya ya zame ya faɗa ruwa ana cikin jan sa a zaure yayin da jirgin ya yi juyi mai tsanani, ɗaya kuma igiya ce ta gaza tsayar da shi wajen sauka.

Akwai ƙasar Afirka da ke da shi? Najeriya na buƙata?

Babu mai jirgin dakon jiragen yaƙi masu fukafukai. Masar na da biyu ƙirar Faransa masu ɗaukar jirage masu saukar ungulu, Gamal Abdel Nasser da Anwar El Sadat, da ta karɓa a 2016. Amma nahiyar ta ɗanɗana aikinsu: a 2011 jiragen Rafale daga Charles de Gaulle na cikin waɗanda suka yi luguden wuta a Libiya, kuma makaman da suka bazu bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi sun iso yankin Sahel.

Najeriya ba ta buƙatarsa. Kuɗin Ford guda ɗaya ya ninka abin da take ware wa tsaro a shekara, ga shi jirgi ɗaya ba ya isa, domin in ana son ɗaya a teku kullum sai an mallaki kamar uku: ɗaya na aiki, ɗaya na horo, ɗaya na gyara. Faransa mai guda ɗaya, da ya shiga babban gyara a Toulon a 2017, sai da ta kai matuƙanta su yi atisaye a kan USS George H.W. Bush a 2018 don kada hannunsu ya kwanta. Matsalolin Mashigin Gini su ne fashin teku da satar ɗanyen mai da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda maganinsu jiragen sintiri ne da jirage masu saukar ungulu da na'urorin sa ido.

Jirage marasa matuƙa za su maye gurbin matuƙa?

Sun fara shigowa, amma a hankali. A 2013 wani jirgin gwaji mai suna X-47B ya sauka da kansa a kan USS George H.W. Bush ya kama igiya. Turkiyya, bayan an cire ta daga shirin F-35 a 2019 saboda sayen makamin kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha, ta juya akalar jirginta TCG Anadolu zuwa ga marasa matuƙa, a Nuwamban 2024 kuma Bayraktar TB3 ya tashi ya sauka a kansa. Wannan hanya tana iya buɗe ƙofa ga ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi. Ita kuwa Amurka, wanda take shirin fara aiki da shi, MQ-25, dakon mai zai yi: ya ba sauran jirage mai a sama, don F/A-18 da ake ɗora wa wannan aiki yanzu su koma ɗaukar makamai.